Shekarar da Na Yaye Ƙyallen Watanda

Akwai wani dattijo a unguwar Kokoro da na tona wa asiri a gaban mutanen layinmu, kuma a lokacin da nake yi ji nake taimakonsa nake yi. Shekaru sun wuce, amma duk sanda azumi ya kai ashirin sai abin ya dawo mini, in kasa zama a kan keken ɗinki, in tashi in leƙa waje ba wanda ya kira ni, in dawo in zauna, in sake tashi. Matata ta gane lokacin. Takan ce, to, ciwon watanda ya motsa.

Ni tela ne, a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi aka haife ni, a nan na yi furfura. Mu biyu ne maza a wajen mahaifinmu, ni da Yayana. Yaya ɗan sari ne, shinkafa da sukari da fulawa da man girki yake kawowa daga Duwala, yana da sito biyu a bakin babban titi. Ni kuma ina da keke biyu da dutsen guga ɗaya, sai bakin da ba ya shiru.

A ko'ina watanda ɗaya ce: a haɗa kuɗi a sayi saniya, a yanka, a kasa nama, kowa ya ɗauka gwargwadon abin da ya zuba. Ta layinmu ta bambanta, kuma mahaifinmu ne ya kawo bambancin tun kafin mu yi wayo. Idan azumi ya yi nisa sai ya fito da wata babbar ƙwarya, ya rufe bakinta da ƙyalle mai kauri, ya ɗaure, ya bar kafa daidai shigar hannu. Kowane magidanci zai zo bayan la'asar ya zura hannu a dunƙule ya fito da shi a buɗe. Ba mai ganin abin da wani ya saka. Abin da aka samu da shi za a sayi saniya, ranar jajibirin salla a kasa naman daidai wa daida, kashi ɗaya ga kowane gida. Sannan kowa ya ba da alamarsa, wani mabuɗi, wani murfin kwalba, a tsayar da duk wanda ya zo wucewa ya jefa su a kan kashin. Inda alamarka ta faɗa nan ne rabonka. Mai sito da mai tallan ruwa duk haka suke tsayuwa suna jira.

Da mahaifinmu ya ga jiki ya ƙi, ni ya miƙa wa ƙwaryar, don Yaya kullum yana hanya. Ya ce mini in kula da ƙyallen fiye da ƙwaryar. Na ce to, a raina kuwa na ce maganar tsufa ce.

Dattijon da nake magana a kai shi ne wanda duk layi ke kira Baba mai pus, saboda amalanken nan mai taya biyu da a Bangi ake ce wa pus. Da shi ya ci abinci tun yana saurayi. A unguwar Miskine gidansa yake, har shekarun rikici suka zo aka rushe shi, ya dawo ɗaki ɗaya a Kokoro shi da matarsa, amma bai taɓa barin watandar layinmu ba. Mutum ne mai tsayi, mai faɗa, Hausarsa rabi Sango ce, yaren mutanen gari. Idan ya zo zuba nasa sai ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya yi gyaran murya, ya daɗe da hannu a cikin ƙwaryar kamar mai sauke dukiya. Ranar yanka kuwa shi ke tsayawa a kan mahauci yana ba da umarni. Ban san abin da yake sakawa ba, kuma har yau ban sani ba. Na dai san nakan tarar da ƙananan kuɗi a ƙasan ƙwaryar, har da sulalla, wani lokaci a ƙulle cikin leda.

Bayan rikici komai ya canza. Makiyaya sun yi nisa da gari, shanu suka yi tsada, gidajen da ke cikin watandar suka ƙaru saboda waɗanda suka dawo daga Miskine, ƙwaryar kuma ta ƙi yin nauyi. Shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labari, saniyar da muka iya saya har kunyar jan ta cikin layi na ji. Haƙarƙarinta ana ƙirgawa daga nesa. Da aka kasa, kowane gida ya samu abin da bai fi kaza auki ba. A wannan shekarar ce kuma Yaya ya ɗora bene a kan gidansa, ya sayi babbar mota ta biyu. Ba shi kaɗai ba, akwai irinsa huɗu ko biyar a layin. Ni da ke kwance ƙwaryar na san da kowannensu ya saka ko da ribar yini ɗaya ce, da saniya biyu za mu yanka. Abin ya ci mini rai. Ba zan ɓoye ba, akwai hassada a ciki, amma ba hassada ce kaɗai ba.

Da azumi ya zagayo, matasa sukan taru a ƙofar shagona bayan la'asar suna jiran faɗuwar rana, rediyo a kunne. A kwanakin ana ta maganar wasu ƙasashe da ke musu a kan a ƙara wa masu kuɗi haraji. Yunwa da ƙishi sun sa kowa ya zama masani. Wani ya ce wanda ya tara ai da hannun talaka ya tara, sai ya mayar. Wani ya ce in ka matsa wa mai shi zai kwashe kayansa ya koma Kamaru, mu ga wanda zai ɗauke ku aiki. Wani ɗan kasuwa da bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba ya ce shi wannan watandar tamu ma bai gane mata ba, a garinsu abin da ka biya shi kake ɗauka, Allah ne ya fifita wani a kan wani. Ina taka keke ina jinsu, har na karya allura biyu a rana ɗaya. A nan tunanin ya zo mini cewa gyaran ƙasa ya fi ƙarfina, amma ƙwarya ai a hannuna take.

Washegari da hantsi na rufe shago na tafi siton Yaya. Ana sauke shinkafa, yana tsaye a bakin mota da hula a keya yana duba buhunan da suka jiƙe. Na gaishe shi, ban ko jira ya gama amsawa ba na ce bana zan yanka wa kowa abin da zai zuba, masu hali su zuba da yawa, tunda an bar su da zuciyarsu sun kasa.

Bai ɗaga murya ba, Yaya ba ya ɗaga murya, shi ya sa faɗa da shi ke da ciwo. Ya tuna mini yadda ya fara da farantin ashana da batir a ka. Ya tuna mini shekarun da ya yi yana kwana a saman lodi a hanyar Kamaru, ruwa na dukansa, lokacin da ni nake kwance a ɗaki. Sau biyu aka wawashe sitonsa, sau biyu ya tashi daga ƙasa. Ya ce kafin buhu ɗaya ya iso nan sai an tatse shi a kowane shinge tun daga iyaka, ya biya patanti, wato lasin kasuwanci, ya biya na hukuma, a shekarun nan har yaran da ke riƙe da bindiga ya biya don a bar shi ya buɗe ƙofa. Zakkarsa kuma yana fitarwa, ba sai ya nuna mini ba.

"Kowa ya tatse ni na yi shiru," in ji shi. "Yanzu saura ƙanena. Laifina dai na tashi da asuba."

Da na yi haƙuri a nan da an rabu lafiya. Amma daidai lokacin Baba mai pus ya zo wucewa ta gabanmu da buhu takwas a kan amalankensa, yana turawa cikin jan taɓon da ruwan jiya ya bari, jijiyoyin wuyansa duk sun fito, ga azumi a bakinsa. Sai na nuna shi da hannu.

"Yaya, ga wanda ya riga ka tashi da asuba shekara arba'in. Ina benensa? Da wahala ce ke kawo arziki ai da jaki ya fi kowa."

Baba ya ji. Ya tsaya ya dafa amalanken, ya dube ni ya dubi Yaya, ya ce mu fitar da shi daga rigimar gidanmu, shi bai kai ƙara wajen kowa ba. Ya ce kuma jakin nan da na ambata in bayyana wa nake nufi. Masu sauke kaya suka fashe da dariya, ni ma na yi, na ba shi haƙuri. Na ɗauka wasa ne ya wuce. Yaya ya juya wajen buhunansa ya ce in yi abin da na ga dama, duk abin da na yanka masa zai biya, amma in sani kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Kwana uku na yi ina tsara abin. Na kasa gidajen layi kashi uku: masu manyan shaguna, sai masu rufin asiri irina, sai waɗanda na ce an ɗauke musu, ba za su zuba komai ba amma za su samu kashinsu cikakke. Wannan na ukun shi na fi alfahari da shi. Ina ganin na fi mahaifina tausayi, shi yana barin talaka ya zuba ɗan abin da yake da shi, ni kuwa na yafe masa gaba ɗaya. Matata ta tambaye ni ko na je na ji ta bakin waɗanda na saka a ciki. Na ce wa ake tambaya kafin a yi masa alheri? Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar da aka saba fito da ƙwarya mutane suka taru a gindin mangwaron da ke bakin layi. Na fito da ita ba ƙyalle, na ajiye a kan tabarma. Wasu suka kalli juna. Na yi bayani mai tsawo, na kawo maganar saniyar bara, na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na ce mai ƙarfi shi ya kamata ya ɗauki mai nauyi. Matasa suna gyaɗa kai. Sai na fara kiran gidaje. Na kira masu manyan shaguna, suka zo ɗaya bayan ɗaya suka zuba a idon kowa, fuska a ɗaure. Yaya ne ya fara, bai ko dube ni ba. Ɗan Maraɗin ya yi gunaguni amma ya ji kunyar jama'a ya zuba. Na kira na tsakiya, muka zuba. Ƙwaryar ta cika har sai da na danna da hannu.

Sannan na kira kashi na uku, gida bakwai. Ina kira ina murmushi. Kowa ya sami inda zai kai idonsa, kamar yadda ake yi idan zanen mutum ya kwance a kasuwa. Baba mai pus shi ne na biyar. Yana tsaye a gaba, ya riga ya naɗe hannun rigarsa, hannunsa na dama a dunƙule. Na ga hannun, wallahi na gan shi. Na ce, "Baba, kai an ɗauke maka, ka riƙe abinka." Sai ya mayar da hannun cikin aljihu, ya warware hannun rigar a hankali, ya ce Allah ya ba da lada. Bai jira an tashi ba ya kama hanyar Kokoro.

Zuciyata ta ɗan sosu, amma ƙwaryar ta yi nauyin da ban taɓa ji ba, nauyin kuma ya danne sosuwar. Da kuɗin muka sayo bijimin da layinmu bai taɓa gani ba, fari mai tozo, sai a mota aka kawo shi. Mata suna leƙowa ta katanga, masu taksi-moto, wato 'yan acaɓa, suna tsayawa kallo. Na yi ta kai da komo a gabansa kamar ni na haife shi. Duk wanda ya yaba sai in ce ai ga amfanin a faɗa wa mai hali gaskiya. Har yau ina nan a kan cewa gaskiya ce, kuma har yau ni da Yaya ba mu gama wannan musun ba.

Ranar jajibiri aka yanka da sassafe, aka shimfiɗa ganyen ayaba, mahauci ya shiga kasawa. A nan na fara ganin abin da ban tsara ba. Masu manyan shaguna, waɗanda a da sukan aiko a karɓar musu, duk sun zo da kansu sun tsaya a gaba, hannu a baya. Ɗan Maraɗin yana gaya wa mahauci yadda zai raba tozo. Ba wanda ya hana shi, kowa ya ga abin da ya zuba. Mu na tsakiya muna bayansu. Mutanen gida bakwai ɗin kuwa, waɗanda suka zo, can suka raɓe jikin katanga da robobinsu. Watandar layinmu da aka sani da hayaniya, wannan na cewa an cika masa ƙashi, wancan na cewa ina hantar take, ranar sai ƙarar wuƙa da ƙudaje kake ji. Wata mata mai tallan ganyen miyar da ake ce wa koko ta zo wucewa, aka tsayar da ita ta jefa alamomi. Ta tambaya da Sango ko saniyar wane kota zo ce, wato wane babban mutum. Kafin in buɗe baki wani daga jikin katanga ya ce ta su Alhaji ce.

Baba mai pus bai zo ba. Na yi ta duban bakin layi. Wani ya ce ya gan shi tun da safe a kasuwa yana ɗaukar lodi, jajibiri ranar samu ce. Amma shekara nawa ana jajibiri, bai taɓa fifita lodi a kan watanda ba. Kashi ɗaya ya rage a kan ganye ba alama a kansa, ƙudaje suna ta sauka. Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni yana goge hannu. Na zaci zai ce ai na gaya maka, na ma shirya amsa. Sai kawai ya ce in ɗauka in kai masa da kaina, kada in aika.

Na zuba naman a bokiti na rufe da ganye. Nauyinsa ya ninka na bara sau uku, ina tafe ina gaya wa kaina haka. Daga layinmu zuwa Kokoro ba nisa, amma sai na ga ina bin doguwar hanya, ina tsallake lambatu, ina tsayawa gaisawa da mutanen da ban saba tsayawa da su ba. Ina ta shirya magana. Zan ce Baba ka yi haƙuri, zan ce ba haka na nufa ba, zan ce baɗi ƙyalle zai koma. Wata zuciyar kuma tana cewa haƙurin me, mutum bai biya ko sisi ba ga nama har gida. Har fata nake ya tare ni da faɗa, ya kira ni ɗan tela marar kunya kamar yadda ya saba, mu yi ta ta ƙare.

Na same shi ya dawo, yana zaune a kan kututture a ƙofar ɗaki yana wanke taɓon ƙafarsa, amalanken na jingine da bango. Na yi sallama. Yana ganina ya miƙe tsaye, mutumin da ya goya ni a kan amalankensa ina yaro. Ya kira matarsa ta kawo kwano. Na fara cewa, "Baba, dama na zo ne in..." sai ya ce ba komai, ba komai, Allah ya huci zuciya. Ya sa hannu biyu ya karɓi bokitin, ya ɗan rusuna. Bai ɗaga ganyen ya duba ba. Ya juye a kwano, ya ɗauraye mini bokitin da sauran ruwan butarsa, ya miƙo mini, nan ma da hannu biyu.

"Ka gaya wa masu naman mun gode," in ji shi.

Na tsaya riƙe da bokiti. Shi kuma bai zauna ba, yana tsaye yana jira in tafi.